Idon da ba ya jiran NEPA

Mu mutanen Suleja, in abu ya shigo Abuja da safe, kafin la'asar ya iso Madalla da Kwamba. Haka kyamarar nan mai batir ta shigo mana. Yanzu bi layi a Maje ko Rafin Sanyi ka ɗaga kai, za ka hango ta a saman get, da ɗan farantin sola a gefenta.

Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Da yawanmu sammako muke yi zuwa aiki Abuja, sai bayan isha'i mu dawo, gida daga mata sai yara. Wutar AEDC kuwa, wadda har gobe NEPA muke ce mata, ba a jingina tsaron gida da ita. Ita kyamarar nan ba ruwanta da jan waya: a sa mata sim na MTN ko Airtel, a zura memori, mutum yana Wuse yana kallon ƙofar gidansa a tafin hannu.

Amma a majalisa ƙorafin ɗaya ne: "Alhaji, a kwali an rubuta batir na yin wata shida, tawa ko wata guda ba ta rufa ba!" To ai lissafin kwali na gidan da ba a yawan giftawa ne. Kyamarar barci take yi, sai ta ji ɗumin jikin mai motsi ta farka ta ɗauka. Mu kuma mun saita ta tana fuskantar titi: ɗan acaɓa ya wuce ta farka, akuya ta wuce ta farka, almajiri ya yi sallama ta farka. Ina batir zai kai labari? A sunkuyar da ita ta kalli bakin get kawai, a kuma ɗaga ta kamar mita 3, inda hannu ba ya kaiwa.

Sai kuma yanayin garinmu. Da hunturu ƙura kan rufe farantin, caji ya ragu. Tsumma mai laima ya isa magani. A Agusta, in hadari ya ɓoye rana kwana da kwanaki, a sauke ta a yi mata caji a ɗaki. A zafin Maris da Afrilu, idan katanga ta ɗau zafi kusan na jikin mutum, jin nata kan ragu. Da dare kuwa ganin yawancin irinta bai cika wuce mita 10 ba, fuskar da ke nesa sai dai a ga inuwa.

Abin da ya wajaba mu kiyaye, jama'a: kada a juya ta tana leƙen tsakar gidan maƙwabci. Akwai iyali a ciki, akwai haƙƙi.

Kuma gani kawai take yi, ba ta kama ɓarawo. Ranar da ta nuna maka baƙo a kan katanga kana can cikin cunkoson Zuba, maƙwabcinka za ka kira, shi kuma ya taso 'yan sintiri. Don haka wanda ya sayi kyamara kada ya daina biyan kuɗin sintiri, kada kuma ya daina gaisawa da na kusa da shi.