Mutanen Ajin Kemistiri na Dogon Hutu

Idan jami'a ta tashi dogon hutu, ɗalibai suka watse, akwai wasu bayin Allah da ake bari a baya. Su ne 'yan kwas ɗin hutu, waɗanda za a ɗura wa kemistirin shekarar farko, wato CHM 101, cikin 'yan makonni, alhali a ƙa'ida zango guda ake yi ana taunarsa. Ga damina, ga sauro, ga malamin da shi ma hankalinsa yana gona. Jadawalin sinadarai da ke manne a bango yana da gida 118, amma duk bambancin halinsu bai kai na mutanen da ke kan benci ba.

Wanda zai fara tarbarka shi ne Tsohon Hannu. Ya san kujerar da fanka ke kaiwa, ya san ranar da malam ke yin gwajin ba-zata, har barkwancin malam ya haddace, don haka yakan fara dariya tun ba a kai wurin dariyar ba. Shi ke tara sababbi a gindin darbejiya yana cewa, "Ku kwantar da hankalinku, kwas ɗin nan ba wuya." Kunya ce kawai ke hana a tambaye shi abin da yake ta dawo da shi.

Kusa da shi akwai Hafizi. Wannan ya zubo maka sinadarai ashirin na farko ba numfashi, daga haidurojin zuwa kalsiyam. Ya san Mendeleev ne ya fitar da jadawalinsa a 1869, har ya bar guraben sinadaran da ba a gano ba tukuna. Littafin kemistiri na Ababio kuwa tun sakandare yake ƙirjinsa, shafi da shafi. Amma ka ce masa, "Malam, mol nawa ne a giram 36 na ruwa?" Sai ya ɗaga kai yana duban rufi, leɓe yana motsi, yana neman shafin da amsar take.

A nan ne ajin yake rabuwa biyu, domin duk wahalar kwas ɗin a kan mol take. Ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su ɗai-ɗai, shi ya sa ake ƙirga su a dunƙule, kamar yadda mai shago ke ƙirga kaya dozin-dozin. Sai dai wannan dozin ba sha biyu ba ce, 6.022 × 10²³ ce, lambar da aka laƙaba wa sunan Avogadro. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishirin miya kuma giram 58.5. Ke nan amsar da ta gagari Hafizi biyu ce kacal. Wanda ya gane wannan a makon farko ya huta. Wanda bai gane ba, duk abin da zai biyo baya labari ne kawai zai riƙa ji.

Sai Mai Kalkuleta. Ya sayi mai tsada, mai murfi, kuma ya yi imani da ita imanin da bai yi da kansa ba. Sikelin ɗakin gwaji lamba biyu yake nunawa bayan ɗigo, shi kuwa sai ya kwafo tara, don kada a ce ya yi ha'inci. Idan yatsa ya zame ya ninka inda ya kamata ya raba, ta ce masa ɗan gishirin cikin cokali ya fi buhun siminti nauyi, haka zai rubuta ya ja layi biyu a ƙasa. Ka yi magana ya nuna maka fuskarta: "To ni na faɗa? Ga shi nan."

Ɗan uwansa shi ne Alƙalin Sulhu, mai daidaita lissafin sinadarai ko ta halin ƙaƙa. An ce ƙwayoyin hagu su yi daidai da na dama, domin ba abin da ke ɓata a cikin haɗi. Maimakon ya sa lamba a gaban sinadari, sai ya lallaɓa ya taɓa 'yar ƙaramar ta ƙasa, H₂O ta koma H₂O₂. Lissafi ya daidaita, amma ruwan sha ya zama maganin wanke ciwo.

Dokta kuwa tun ranar farko da farar riga mai guga ya zo, a gida ma an riga an daina kiran sunansa na yanka. Kwas ɗin nan a wurinsa shinge ne aka gitta masa a hanyar asibiti. Akwai kuma Malam-Zai-Fito, wanda duk zangon tambaya ɗaya gare shi, ko da bayanin yadda za a guje wa gobara ake yi: "Malam, wannan zai fito?" Mai Hoto ba ta rubutu. Allo yana cika za ta ɗaga waya, kuma ranar da za ta buɗe hotunan ita ce ranar da za ta goge su don wuri ya cika.

Amma ba a sanin mutum sai an shiga ɗakin gwaji ranar taitireshan. Aikin ba shi da yawa: asid a cikin biret, ruwan soda mililita 25 a kwalba, ɗigo biyu na metil-orenj, sai a riƙa sakin asid a hankali ana kaɗawa har rawaya ta juya ruwan lemo. Ɗigo guda ne tsakanin daidai da ɓarna. Mai Gaggawa yakan buɗe famfon biret ya juya yana gaisawa da na bayansa, kafin ya waiwayo kwalba ta yi jawur. Sai ya kalli hagu, ya kalli dama, ya rubuta abin da ya hango a takardar maƙwabci. Mai Zuƙa an hana shi jan ruwa a fifet da baki, ya ce ai a makarantarsu haka suke yi, kuma shi ne za ka gani a bakin famfo yana kurkure baki ido ya kawo ruwa. Gwanin duka shi ne Kuku. Bai taɓa biret ba, amma sakamakonsa uku sun fito cif-cif, babu bambancin ko ɗigo. Malamin da ya shekara yana wannan aiki ya san hannun ɗan Adam ba ya haka, shi ya sa takardar Kuku ce ake fara zagayewa da jan biro.

Ni dai wadda na fi girmamawa ita ce Hajiya, mai zama a layin gaba da goyo a baya, wadda ta dawo karatu bayan aure. Ba ta da saurin rubutu, ba ta jin kunyar cewa, "Malam, don Allah a maimaita." Ranar da aka zo bayanin asid da kishiyarsa, kowa ya yi tsuru-tsuru, ita ce ta ce ai ta san abin: tsamiya asid ce, kanwa kishiyarta, kuma idan kanwa ta shiga zoɓo launinsa yakan juya, tsaminsa ya mutu. Malam ya ajiye alli ya ce to wannan shi ne aikin da metil-orenj yake yi a kwalba. Hafizi ya rubuta maganar don ya haddace.

Na bar Mai Barci a ƙarshe don kada a tashe shi. Ba ya damun kowa, kuma shi kaɗai ne bai taɓa fasa kwalbar makaranta ba.

Mai karatu, in kana cikin masu shiga wannan aji bana, ka nemi kujera kusa da Hajiya, ka yi lissafin mol da hannunka kowane dare, kuma in za ka surka asid, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikinsa. Tsohon Hannu kuwa ka gaishe shi da ladabi, amma kada ka karɓi lambar wayarsa.