Zinaren Giram Nawa Ne?

Saurayin da ya sayo zoben baiko na daimon, budurwa ta juya shi ta ce ba ya ƙyalli, yakan ɗora wa mai shago laifi, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Ƙyallin daimon daga yankansa yake. Tun 1919 wani masani mai suna Marcel Tolkowsky ya lissafa kusurwoyin da ke maido wa ido haske. Idan aka zurfafa yankan don dutsen ya ƙara nauyi, ta gefe hasken ke zurarewa. Nauyi aka sayar wa ango, ya dawo gida da abu kamar fasasshiyar kwalba. Shi ya sa na fi yarda da tambayar gwaggon amarya a Horo Birni, ko Bodinga, ko Shagari, ranar buɗe lefe: zinaren giram nawa ne? Za a ce son abin duniya ne, wai soyayya ba ta hawa sikeli. To, amma shekarar da damina ta ƙi, sarƙar zinare kan je kasuwar Sakkwato ta dawo da buhunan gero. Daimon kuwa, in aka mayar da shi, mai shagon da ya sha rantsuwa kan kyansa shi ne zai fara gano masa aibi.