Madalla da Dinar Hajiya

Duk wanda ya ce matan Kano ba su waye ba, bai halarci dinar da Hajiyar layinmu ta shirya a gidanta kwana biyu bayan Babbar Sallah ba. Ni na je, da katina a hannu, kuma dole in yaba, don ba kullum ake samun macen da za ta raba unguwa guda da tsohon yayi a dare ɗaya ba.

Tun daga ƙofa tsari ya fara. A da, in Sallah ta zo, gidan nan a buɗe yake tun hantsi. Yara na fita da kwanukan waina da miyar taushe zuwa maƙwabta, wasu na shigowa da tuwon shinkafa da soyayyen naman layya, har a rasa wane kwano ne na wane gida. Hajiya ta kawo ƙarshen wannan hargitsi. Bana ta tsayar da maigadi da takarda a hannu, yana duba suna yana buɗe ƙofa. A gabana tsohuwar bayan layi, wadda ta yi wa Hajiya wankan jego har sau huɗu, ta iso barka da Sallah da ɗan ƙullin daddawa a gefen mayafi. Maigadi ya bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa, ya ce, "Iya, babu sunanki. Ki dawo gobe." Ta ce, "To ɗan nan, ka gaishe ta," ta juya tana jan silifa. Kin kyauta, Hajiya. Da an bari ta shiga da ta ɓata hoto, tunda ankon daren ruwan zuma ne da fari, ita kuwa atamfar bara ce a jikinta.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne teburin abin sha, wanda Hajiya ta haɗa da hannunta bayan ta yi sati tana koyo a YouTube. Na tsaya kusa na ga aiki. Ta goga lemon tsami a bakin kowane kofin gilashi, ta kifa shi cikin sukari har ya yi farin baki, ta zuba ƙanƙara, ta tsiyaya Fanta da Sprite, ta bi da jan ruwan zaƙin nan da ake kira girenadin, ta jefa yankan kokwamba da lemon zaƙi. Chapman ke nan, abin shan da ya yi suna a kulob-kulob ɗin Legas. Sai ta ɗauko wata 'yar kwalba mai takardar da ta fi ƙarfin jikinta, ta ɗiga uku-uku a kowane kofi, ta ce ai nan sirrin yake. Angostura sunan abin, daga Tirinidad ake kawo shi, kuma a jikin takardar an rubuta kashi 44.7 cikin ɗari barasa ne, ƙarfin da giyar kwalba ba ta ko kama ƙafarsa.

Allah ya ƙara basira, Hajiya, da ba ki ɓata lokaci wajen karanta ƙananan rubutu ba. Ke da ba kya yarda turaren fesawa ya taɓa hijabin sallarki sai kin bincika, ga shi kin ɗiga wa hajiyoyi da 'yan mata, har da mai tsohon ciki. Hukuncin ɗigo uku a cikin kofi na malamai ne. Amma baƙon da ya amince ya karɓi kofi daga hannunki yana da haƙƙin ki faɗa masa abin da ke ciki, kuma wannan ya ci mini rai har yau.

Zoɓo kuwa ba a bari ya kusanci teburin ba. Da wata ta tambaya, Hajiya ta ce ai wannan na 'yan talla ne. Gaskiyarta. Manoman Jigawa ne kawai ba su gane ba, suke noma shi ana lodi a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, a kai shi har Meziko, inda ake biyan dala a saya a jiƙa a sha da sunan hamaika. Su can ba su san abin kunya ba ne. Gwaggon Hajiya, wadda in ta dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba sai ƙamshi ya tsallaka katanga, wadda kunun ayarta da dabino da kwakwa ke sa mai jego ta miƙe, tana kicin tun la'asar an ba ta wuƙa tana yanka kokwamba. Haka ake sanin darajar manya.

Ƙanƙarar ma abin a jinjina ne. Kwana uku janareta na ruri don kada firiza ta huce, a ƙasar da tun cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a 2024. Kwasar adashin da aka ce ta kuɗin makarantar yara ce ta tafi a hayaƙi da kofuna da hayar kujeru. Ba komai, bashi hanji ne. Makaranta tana nan ba inda za ta, hoton dina kuwa in bai hau Instagram a daren ba ya zama kwantai.

Shi ya sa ba wanda ya taɓa abinci sai da aka gama ɗaukar hoto. Shinkafa ta huce, man kaza ya daskare a faranti, muna zaune da cokali mai yatsu da wuƙa muna yi wa waya murmushi. Yarinyar aikin gidan, wadda ba ta wuce shekara 12 ba kuma tana tsaye tun asuba, ta zo da tire cike da kofuna, hannunta na rawa. Ɗaya ya zame ya tarwatse a tayil. Hajiya ta yi dariya saboda baƙi, ta bi ta kicin, muka ji ƙarar mari. Ta dawo tana gyara ɗankwali ta ce a ci gaba da shagali. Mun ci gaba. Yarinyar ta fito da tsintsiya, ta durƙusa tana tsince gilashi daga cikin jan ruwa da ɗan yatsa, shatin hannu a kuncinta, ba wanda ya ce mata sannu.

Washegari da safe ledoji uku na ragowar shinkafa da kaza suna jingine a bakin bola, almajirai na buɗewa suna sunsunawa, don zafin dare ya riga ya juya su. Iya ta dawo kamar yadda aka ce mata. Maigadi ya ce Hajiya na barci, ta gaji. Tsohuwar ta kwance gefen mayafinta, ta miƙa masa ƙullin daddawar, ta ce, "In ta tashi ka ba ta, ka ce ta sa a miya. Tun tana amarya take son irin tawa."