Kowa da kunnensa a Gaya

Gaya gari ne da kiɗa ke shigo masa ta kowace kusurwa. Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa, cikin garin kuma ga Dendi, ga Zabarmawa, ga Hausawa da Fulani, kowa da abin da yake kaɗawa ranar biki. A irin wannan wuri, duk wanda ya taɓa riƙe goge ko ya dafa fiyano yana da fatawa kan yadda ake samun kunne. Kunnen da ake magana a kai shi ne na tazara: mutum ya ji amo biyu ya san nisan da ke tsakaninsu, ta yadda in mawaƙi ya ɗauko waƙa daga sama ko daga ƙasa zai bi shi ba tare da lalube ba. Hanyar samunsa ɗaya ce, a kafa amo guda ya zama gida, a riƙa auna sauran da shi, kuma a auna da baki. Sauran hanyoyin da ake tallatawa a garin yawancinsu dabarun guje wa wannan aikin ne, kowace kuma da mai ita.

Na farko shi ne mai cewa baiwa ce. Yawanci ɗan gidan makaɗa ne, kakansa ya yi wa sarki kiɗa, saboda haka a ganinsa kunne yana cikin kayan gado, an raba shi tare da gona da tukwane. In yaro ya tambaye shi yadda ake koyo sai ya yi murmushi ya ce abin a jini yake, wanda ba a haifa da shi ba ya nemi kabu-kabu ya ja. Abin da ya manta shi ne tun yana goye yake jin ana ɗaure kalangu, kuma ya yi shekaru yana ɗaukar kayan kiɗa yana karɓi kafin a bar shi ya buɗe baki shi kaɗai. Darasi ya sha har ya ƙoshi, sai dai ba a taɓa ce masa darasi ba ne. Hujjar da ta fi rusa shi ma tana bakin yaron da ya kora. Hausa harshe ne mai karin sauti, haka Zabarmanci, kuma masana harshe sun daɗe da lura cewa muryar Bahaushe tana gangarowa a cikin jimla, har gaɓar da ke sama a ƙarshen zance takan kai ƙasa kamar gaɓar da ke ƙasa a farkonsa. Ba wanda yake ruɗewa, domin kunne yana auna kowace gaɓa da maƙwabciyarta ne. Tsoho mai kaurin murya da jikarsa mai siririya suna faɗin kalma ɗaya a gane ta. Wanda ya iya wannan tun yana shekara 3 ba za a ce masa ba shi da kunnen tazara ba, a dai ce bai kai shi wurin kiɗa ba.

Sai malaman do-re-mi, waɗanda a Gaya biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Ɗaya ya yi karatu a tsarin Faransa, inda do suna ne na amo guda tabbatacce, wurinsa ɗaya a kan fiyano ko da sama za ta faɗo. Ɗayan ya koyo a ƙungiyar mawaƙan coci ta ɓangaren Najeriya, inda aka gaji tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila tun shekarun 1840, wanda a cikinsa do shi ne gidan waƙa, duk inda aka aza shi. In suka haɗu, wannan ya ce waƙar ta fara da sol, wancan ya rantse da do ta fara, su kwashe rabin yini suna musu alhali amo ɗaya suke nufi, yaran da suka zo koyo kuwa sun tafi kallon ƙwallo. Asalin sunayen daga Guido na Arezzo ne, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, kuma ya tsara su ne don mawaƙa su riƙe tazara su koyi sabuwar waƙa da sauri. Ta wannan fuska ɗan cocin ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma yana da ciwonsa: ya ɗauka wanda ya haddace sunayen ya gama. Akwai ɗalibansa da za su jero do-re-mi sama da ƙasa kamar karatun allo, amma a ce su tsallaka daga do zuwa fa kai tsaye sai su faɗa rami.

Mai waya ya fi su zamani. Ya sauke manhajar da ke nuna allura, in amo ya daidaita ta yi kore, in ya kauce ta yi ja, kuma tun daga ranar ya mayar da aikin kunne ga ido. Zai ɗaure jita yana kallon waya, ya rera yana kallon waya, ranar da caji ya ƙare kuwa a fasa biki. Ƙanensa shi ne ɗan sutudiyo, wanda ya ji labarin Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997 tana jan murya zuwa amo mafi kusa, ya yanke hukuncin cewa kwamfuta ta ɗauke wa ɗan Adam wannan wahala. A faifai muryarsa sumul take, a filin biki kuwa, inda babu mai gyara, tsofaffin mata ne ke kallon juna. Ba a ce wayar ba ta da amfani ba. Wanda ya sa ta ta riƙe masa amo ɗaya dogo, ya rera na biyu a kansa, ya saurari yadda suke gogayya har su kwanta, sannan ya duba allurar daga baya don ya ga ko ya yi daidai, ya ci moriyarta. Bambancin shi ne wanda ya fara yanke hukunci, kunne ko gilashi.

Za a ce, to ai akwai wanda ya fi duk waɗannan, mai jin amo guda ya faɗi sunansa ba tare da ya auna shi da komai ba. Akwai shi, kuma ba ya bari a manta. Mota ta yi oda a tasha ya ce wannan la ce, ƙofa ta yi ƙara ya ce mi ce ta ɗan sauka. Binciken da Diana Deutsch da abokan aikinta suka wallafa a 2006 ya nuna irin wannan kunne ya fi yawa a tsakanin ɗaliban kiɗa na Beijin, masu harshen karin sauti, fiye da takwarorinsu na Amurka, don haka ba abin mamaki ba ne a same shi a nan. Amma sunan da yake faɗa yarjejeniya ce ta mutane, wani taro a Landan ne a 1939 ya tsayar da la a kan girgiza 440 a daƙiƙa, kuma ba a gayyaci mai goge ba. Gaya tana yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, fatar goge da ta kalangu kuwa tana saki da damina ta ɗaure da hunturu, mai kiɗa kuma yana ɗaure tsirkiyarsa ne daidai da muryar da ya tashi da ita ranar. Gidan waƙa yana motsi, abin da ba ya motsi shi ne rabo: rabin tsirkiya yana ba da amon gida a sama, kashi biyu cikin uku yana ba da sol. Ɗan canjin bakin kasuwa ya san wannan, ba ya tambayar darajar naira ita kaɗai sai dai nawa take a sefa yau. Mai sunayen amo, in aka sauke waƙa ƙasa kaɗan don muryar amarya, shi ne na farko da zai ɓata fuska ya ce an lalata ta.

Wanda ba ya fatawa shi ne ɗan amshi, kuma shi ya fi kowa bin hanyar. Mamman Shata ya yi waƙa da kalangu da ƴan amshi har rasuwarsa a 1999, Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso da ƴan karɓi, kuma a kowace irin wannan ƙungiya aikin na baya ɗaya ne: ya ji inda ubangida ya ajiye murya, ya ɗauka daga nan, ya mayar da waƙa gida, sau ɗaruruwa a dare guda, in ya kauce harara ta gyara shi nan take. Abin da makarantun kiɗa ke yi ke nan da sunan darasin kunne, malami ya buga, ɗalibi ya maimaita da baki. Ƙorafin da ke da nauyi a nan shi ne yawancin waƙoƙinmu a kan amo biyar suke tafiya, fiyano kuwa yana da goma sha biyu kafin ya maimaita, saboda haka amshi ba zai koya wa yaro ƙananan tazarorin da ke tsakani ba. Gaskiya ne, kuma wanda zai yi kiɗa da ƴan Kwatano ko ya shiga cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai dole ya ƙaro su. Sai dai zai ƙaro su ne ta hanyar da ya saba, ya riƙe gida ya rera sabon amon a kansa har ya zauna, kuma ya riga ɗalibin allo nisa. Ko cikin ƴan amshin ma akwai ɓara-gurbi, wato mai hawa, wanda in waƙa ta yi daɗi aka fara liƙi sai ya riƙa ɗaga murya kaɗan-kaɗan, sauran su bi shi ba su sani ba, har a kai inda ubangida ke miƙa wuya jijiyoyi a waje. Irinsa a tsakiya ake tsayar da shi, kusa da mai kalangu, inda gwiwar hannu za ta same shi.