Bayani Kan Yadda Ake Kula da Rigar Amarya a Amurka

Wasu na ɗaukar fim ɗin Bachelorette, wanda Leslye Headland ta rubuta ta kuma ba da umarni a 2012, a matsayin labarin ƙawayen amarya marasa tarbiyya. Sun yi kuskure. Darasi ne kan kula da tufafi, kuma kamata ya yi a riƙa nuna wa masu koyon ɗinki.

Da farko sai mai karatu ya san cewa a Amurka riga ɗaya amarya ke sawa. Ɗaya tal, fara sol. Babu ta kamu, babu ta dina, babu ta buɗar kai, balle wadda gwaggo ta ɗinko ba da shawarar kowa ba. Saboda haka in rigar ta samu matsala, auren ne ya samu matsala. Ita amaryar kuwa, ko me ya same ta ana iya lallaɓawa.

Amaryar fim ɗin Becky ce, wadda Rebel Wilson ta fito a matsayinta. Tana da ƙawaye uku tun daga sakandare. Kirsten Dunst ce Regan, Lizzy Caplan ce Gena, Isla Fisher kuma Katie. Suna matuƙar ƙaunarta. Shaidar ƙaunar ita ce, tun a makaranta ake kiranta Fuskar Alade saboda jikinta, su kuma suka riƙe sunan nan da amana shekara da shekaru, ba su bari ya ɓace ba. Ranar da Becky ta gaya wa Regan an sa mata rana, Regan ta washe baki ta yi mata murna, tana barin wurin ta kira sauran biyun a waya ta kai ƙara. Hujjarta mai ƙarfi ce: ita ta yi karatu, ita ta tsare jikinta daga abinci, ita ke da saurayi mai karatun likita, don haka bisa layi ita ce a gaba. Ganin wannan ɗaci nata ne ma ya sa ta dace da muƙamin babbar ƙawa, domin aikin biki yana son mai fushi. Mai farin ciki mantuwa gare shi.

Yanzu ga kula da rigar. A daren jajibirin ɗaurin aure, a wani otal a birnin New York, bayan wani mai rawar tsiraici da aka ɗauko haya ya kira amarya da sunan nan nata na makaranta a gaban jama'a, taro ya watse, sai ƙawayen uku suka zauna da kwalabe da hodar iblis don su yi nazarin abin da ya faru. Nazarin ya kai su ga wata tambaya ta ilimi: shin mutum nawa rigar Becky za ta ɗauka? Regan da Katie suka shiga ciki tare, Gena ta tsaya ɗaukar hoto. Amsar ita ce mutum biyu, na ɗan lokaci. Daga nan rigar ta dare.

Ƙa'ida a nan ita ce kada a gaya wa amarya. Gaya mata zai ɗaga mata hankali, kuma ƙawar kirki ba ta ɗaga wa amarya hankali. Abin da ake yi shi ne a ɗauki rigar a shiga gari da ita tsakar dare, ta sha iska. A kan hanya Katie ta yi haɓo a kanta, wanda ya taimaka, tunda yanzu ba yagewar ce kaɗai ido zai gani ba. An buɗe musu wani shagon rigunan amare, aka samu wadda za ta maye gurbin ta farko, Regan ta ce ba za a saya ba, domin irin wadda take mafarkin sawa ce a nata bikin. Babu rana, babu sadaki, amma mutum ba ya wasa da haƙƙinsa. Daga can rigar ta ziyarci gidan rawar tsiraici inda abokan ango suke, ta ga abin da ta gani. A ƙarshe mahaifiyar Clyde, tsohon saurayin Gena wanda Adam Scott ya fito a matsayinsa, ita ta zauna ta ɗinke ta. Duk ƙasar da ka je, bayan masu digiri sun gama, wata uwa ce ke zare allura.

Headland ta fara rubuta labarin ne a matsayin wasan dandamali, cikin jerin wasanninta kan manyan zunubai bakwai na al'adar Kiristanci, kuma wannan shi ne na haɗama. Mai kallo da ya ga amarya mai jiki zai ɗauka ya gane wa ake nufi. To, a daren nan ba Becky ce ta yi haɗamar ba.  Siraran ne suka shanye giya, suka shaƙe hoda, Katie kuma ta kora da ƙwayoyi har ta sume a banɗaki.

A nan ne amfanin doguwar ƙawance ya fito. Regan ta daɗe da ciwon nan na cin abinci a koma a amayar, kuma a makaranta Becky ce ta rufa mata asiri, ta bari aka ce ita ce mai yi. Don haka da Katie ta sume, an samu ƙwararriya a kusa. Regan ta zura mata yatsu a maƙogwaro, ƙwayoyin suka dawo, Katie ta rayu. Ni dai da na zo wurin nan dariyata ta tsaya, na jira ta dawo, ba ta dawo da wuri ba.

Masu kwatanta shi da Bridesmaids na 2011 ba su lura da bambancin shari'a ba. A can, abincin wani gidan cin abinci na 'yan Brazil ne ya ɓata wa ƙawaye ciki a shagon riguna, laifin nama ne, shi ya sa jama'a suka yafe musu har fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 280. A Bachelorette babu naman da za a ɗora wa. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance, sannan aka sake shi a intanet kafin silima, ya hau na ɗaya a iTunes, wato mutane sun fi son su kalle shi a ɗaki, inda babu mai ganin wurin da suka yi dariya. Zuwa 2017, a Rough Night, ƙawayen amarya sun bar riga sun koma ɓoye gawa a Miami. Fannin yana ci gaba.

A bikin Becky kuwa, da safe rigar ta iso a makare, an wanke abin da ya wanku. Becky ta ga tabon, ta yi kuka, ta yi zagi, Regan ta lallashe ta da wani zagin. Ta saka, ta fita, aka ɗaura aure. Ƙawayen uku suka zauna daga gefe suna kallon ɗinkin, bai buɗe ba.