Shaidun Mutuwar Shakazoba

Ya kai mai karatu, ko kana da mota ko kuwa kana cikin masu shiga ta haya, Allah Ya ba ka taka, ka sani cewa daga cikin gaɓoɓin mota duka babu wanda ake tauye wa haƙƙi kamar shakazoba. Inji in ya gaji sai ya yi tari a ji shi, taya in ta sace sai ta kwanta a gan ta, batir in ya mutu sai ya tara wa mai shi 'yan turi tun da asuba, amma ita wannan baiwar Allah a ɓoye take bayan taya, cikin ƙura da taɓo, tana ƙarewa sannu a hankali, har direba ya saba da illarta, ya ɗauka haka aka ƙera motarsa tun asali. Don haka na ga ya wajaba in tara wa 'yan'uwana mutanen ƙasar Daura, tun daga Kwangwalam har Ɓaure, irin shaidun da kowane alƙali adili zai karɓa, ya yanke hukuncin cewa shakazoba ta riga mu gidan gaskiya.

Kafin a kira shaidu, ya kamata a san wadda ake shari'a a kanta. Jama'a da yawa suna zaton ita ke ɗaukar nauyin mota, alhali kuwa wannan aikin sifirin ne. Sifirin doki ne, shakazoba linzaminsa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Sallar Gani, ya ga yadda mahayi ke sakin doki a guje sa'an nan ya ja shi ya tsaya cak gaban Sarki, ya san abin da zai auku in da linzamin ya tsinke. Ita dai shakazoba bututun ƙarfe ce cike da mai, da fistin a ciki mai 'yan ƙananan huji, wanda duk lokacin da taya ta faɗa rami sai ya tilasta man nan ya bi ta hujin da ƙyar, wahalar wucewar ta cinye ƙarfin tsalle ta mai da shi zafi. Waɗansu ana ƙara musu iskar gas don kada man ya yi kumfa. Daga nan muka fitar da mas'ala mai fa'ida: motar da ka gani ranar Lahadi ta baro kasuwar Mai'aduwa, bayanta na neman sharar ƙasa saboda buhunan gero da raguna, kukan sifirin take yi, ko da yake lodin da ya wuce ƙima ba ya barin kowannensu da rai.

Mafi gaskiyar shaidu ita ce dattijuwar da ke kujerar baya. Direba yana riƙe da sitiyari, jikinsa ya haddace rawar motar, ba ya jin kome. Ita kuwa da ba ta da abin riƙo sai carbi, in ka ji ta fara salati da ƙarfi tun ba ku kai Sandamu ba, ta kuma ce maka, "Ɗan nan, yi mana sannu, mutane ka ɗauko," to, kada ka ce tsufa ne, ka ce, "To, Hajiya," ka rubuta shaidarta. Ka lura kuma da hular na kusa da kai bayan kun haura tudun da ake yi a titi don rage gudu. In ta taɓa rufi sau ɗaya, laifin tudun ne. In ta yi ta gaisawa da rufin bayan tudun ya ɓace a madubi, laifin ya dawo gida. Mai son tahakiki ya sayi kindirmo wurin Fulani a Zango, ya sa a jarka ya ajiye a but. In ya iso Daura ya buɗe ya tarar man shanu ya tashi, ya riƙe man ya kai wa uwargida, motar kuwa ya kai wa bakanike.

Akwai jarrabawar da ba ta bukatar ko sisi. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka ɗora hannuwa biyu bisa kusurwa ɗaya, ka danna da iyakar ƙarfinka ka saki. Mai lafiya za ta taso ta natsu nan take, marar lafiya kuwa sai ta yi ta ruku'u tana ɗagowa kamar ba za ta idar ba. Ka zagaya kusurwa huɗu, ko da yaran unguwa za su taru suna tambayar me motar ta yi maka. Sai dai wannan jarrabawa matacciya kawai take kamawa, mai jinya takan tsallake ta, don haka ka durƙusa ka leƙa bayan tayar da tocila. Ɗan danshin mai kaɗan a saman bututun ba aibi ba ne, amma in man ya gangaro har ƙasa, ƙura ta manne masa ta yi baƙi ƙirin, magana ta ƙare. Sa'an nan ka shafa fuskar tayar da tafin hannu: in ka ji ta ci wuri-wuri, nan tudu nan kwari, alama ce ta cewa tsalle take yi a kan kwalta maimakon ta kwanta a kanta.

A nan ne raha za ta dakata kaɗan, domin tayar da ke cikin iska ba ta jin umarnin birki, ba ta kuma jin na sitiyari. Motar da in ka taka birki take kifa hanci ƙasa, in ka sha kwana take kishingiɗa, in babbar mota ta wuce ta take yin tangaɗi, in dare ya yi fitilunta suke haska sama da ƙasa, ita ce wadda za ta ƙara 'yan taku kafin ta tsaya ranar da garken shanu ya ɓullo mata a hanyar Mashi, ko yaro ya faɗo titi da tallansa. Rayukan fasinja amana ne, kuma tawakkali ba ya inganta sai bayan riƙo da sababi.

Na san uzurin da za a kawo, wato a ce hanya ce ba ta da kyau. Gargada gaskiya ce, amma ita ce hujja a kanka, don ita ke gaggauta ajalin shakazoba. Maƙeranta suna ba da shawara a sa mata ido sosai in ta kai misalin kilomita 80,000, wato kamar tafiyar Daura zuwa Katsina sau dubu, wadda direban haya mai zuwa da dawowa kullum zai cika kafin shekara ɗaya da rabi. Dattawan da suka tuƙa Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sukan rantse cewa babu abin da ke mutuwa a jikinta, kuma lalle ta yi juriya abin yabo, amma ita ma sai da aka yi ta canza mata shakazoba. Garin Daura da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a cikinsa a 2019 bai kamata a san motocinsa da rawa ba.

In hukunci ya tabbata, ga ladubban saye. Ka fara sa bakanike ya duba robobin da ke riƙe da ita, domin sau da yawa ƙarar "ƙwas-ƙwas" daga bushin take, kuɗinsa kuwa kaɗan ne, sayen sabuwa a kansa israfi ne. In shakazobar ce, to, biyu za ka saya, dama da hagu, na gaba tare ko na baya tare. Canza guda ɗaya rowa ce da ke barin mota tana ɗingishi. In aljihu ya kai ka ga 'yar Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tsayar da ita, ka danna ka ja da hannunka: wadda ta yi maka gardama daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe ita ce ta kirki, wadda ta bi ka salin-alin ka mayar wa mai ita, kome fentin da ya shafa mata. Wanda ya ce zai huda tsohuwar ya ɗura mata mai ta koma sabuwa, ka gode masa, ka tambaye shi kwana nawa ya lamunce. Bayan an ɗaura na gaba kuma, a kai ta a daidaita tayoyi, kada sabuwar taya ta tafi a banza.

Saboda haka, malam direba, gobe bayan ka idar da sallar asuba, kafin 'yan kamasho su fara kiran Kano da Katsina, ka zagaya motarka ka danna kusurwoyinta huɗu, ka leƙa bayan kowace taya. In ka ga abin da muka faɗa, ka haƙura da lodin ranar, ka nufi gareji. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.