Farin Kafet a Gidan 'Ya'ya

Duk mai sayar da kafet a Kano rantsuwa ɗaya gare shi: "Wallahi Hajiya, ɗan Turkiyya ne." Sai ya shafa gashin da tafin hannu, ya ce ki cire takalmi ki taka ki ji laushi.

Abin da ba zai faɗa miki ba shi ne, farin kafet ba ya ga-maciji da hunturu. Ƙura ta sauka, autanki ya kifar da miyar manja, baƙuwa ta tuntsurar da zoɓo tana "ayya, sannu". Daga nan falo ya koma gidan tarihi, a leƙa daga bakin ƙofa, kar a shiga.

Hajiya, auna ɗakin tukuna, sannan ki ɗauki mai duhu.